Katakon Abakar da Ranar da Na Ce Ya Jira

Shekara goma sha ɗaya ke nan, a cikin wannan watan na zafi, da dusar ƙanƙara ta rufe ƙanena Abakar a kan wani dutse a ƙasar Norway. Ni ce yayarsa Hawwa'u. Ni na goye shi bayan rasuwar Innarmu, a ƙauyenmu na bakin kogi tsakanin Suki da Abu Na'ama, ni kuma na riƙe ɗansa Muntasir tun yana shekara tara, lokacin da uban ya fita neman abin yi. Kowace shekara sadakar kisira, wainar dawarmu, nake yi, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. Tsoro ne ya sa na ɗauki alƙalami, don jibi Muntasir zai hau dutsen da ya cinye ubansa.

Wanda ya san Abakar ya san mutum mai ƙin nauyi. Fartanya ma sai ya rage mata ƙota. Da aka kawo wa manoma takalman roba masu kai gwiwa, shi kaɗai ya rataye nasa a rumfa ya ci gaba da shiga hawashar Babanmu, wato gonar audugarmu, ƙafa ba takalmi, yana cewa laka ta fi son mai kaya. Ina masa tsiya cewa ranar da za a raba aljanna ma zai ce a ba shi ƙarama don ta fi sauƙin shara. Sai ya yi dariyar nan tasa har da buga cinya.

Da ya isa Norway ya sami aiki a wurin gyaran kifi, tare da wani Hamad, mutumin Makwar. Mutanen garin idan sun sami hutu sai su ɗaura katako biyu a ƙafa su hau duwatsu inda babu hanya babu kowa, su kai ƙololuwa, sannan su zamo ƙasa. Na yi ta mamakin wannan wahalar da ba noma ba, ba kiwo ba. Amma Abakar, da ya taso a ƙasar da za ka hango jaki tun yana nisan yini, dutse ya shiga ransa. Katakon da kowa yake amfani da shi dogo ne, ya kai tsayin mutum, da takalmansa na musamman masu tauri, ga shebur a baya, ga wata na'ura da ake ratayawa a ƙirji wadda take nuna inda mutum yake idan ƙanƙara ta binne shi. Abakar ya duba wannan lodi ya ce shi ba raƙumi ba ne. Ya samo gajere, bai fi tsawon hannu ba, ana ɗaura shi a kan takalmin sanyi na kullum, ana jefa shi cikin jaka a hau mota. Ya aiko mini hoto yana riƙe da su kamar an ba shi kyautar faifai.

Hamad ya bayyana mini bambancin daga baya. Gajeren yana da daɗin juyawa, kuma da sassafe, lokacin da sanyi ya ƙanƙare saman ƙanƙarar, yana gudu lafiya lau. Idan ta yi laushi kuwa sai ya nutse, mai shi ya yi ta faman ciro ƙafa. Dogon yana ɗaukar mutum ko ta yi laushin.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa a fili ba. A wurinmu, yaro ma ya san dokar damina. Baƙar lakarmu idan ta sha ruwa ba ta da mutunci, ta kan cire wa mutum takalmi, ta zaunar da babbar mota kwana uku. Idan an yi ruwa ba a fita. Ana jira rana ta ɗaga ta gasa saman ƙasa, sai a taka. Da wannan aka haife ni, rana ita ce mai gyara hanya.

Ranar da abin ya faru, wata Asabar, ya kira ni bayan sallar asuba, ina share tsakar gida. Ya ce an yi kwana biyu ana zuba ƙanƙara, yau sama ta washe, yanzu za su fita da su Hamad. Ni da na ji an yi kwana biyu ana zuba, sai na ga laka a idona.

Na ce, "Ba ka da hankali ne? Ƙasa ɗanya za ka taka? Ka bari rana ta ɗaga tukuna."

Ya ce, "Yaya, nan ba harif ba ne irin daminarmu, ba laka ba ce. Mutane na jirana."

Na ce, "Su jira. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba shi ganinai. In dai ni na goye ka, ban yarda ka fita ba sai hantsi."

Ya ce, "To, Yaya."

Sanyinsa na biyu ke nan a kan katako, saninsa bai kai ya yi mini gardama da ƙarfi ba, kuma Abakar bai taɓa tsallake maganata ba ko sau ɗaya. Ya gaya wa Hamad su yi gaba, nasa katakon ba su da nauyi, zai tarar da su. Su sun hau da sanyin safiya, sun sauko ta wani gefen kafin azahar. Shi ya fara hawa da hantsi, shi kaɗai. Ranar da na ce ya jira ta ɗaga, ita ce ta narkar da saman dutsen. Sawunsa ya nuna yadda ya yi ta nutsewa har cinya, yana ɓata lokaci a gangaren da ya kamata a ƙetare da sauri, har gangaren ya zamo gaba ɗaya a kansa. Ba shi da na'urar nan a ƙirji. Sai bayan kwana biyu aka same shi.

Kowa ya ɗora laifin a kan gajeren katako. Hamad ya faɗa, masu ceto sun faɗa, liman ma da ya zo gaisuwa ya ce kayan wasa ne suka kashe shi. Na ji, na sunkuyar da kai, na bar katako ya ɗauki kayana. Hamad bai san dalilin jinkirin ba, ya ɗauka makara ce. Magana zarar bunu ce, tawa kuwa ta fita ta ƙona gida, na zauna ina karɓar ta'aziyya.

Ina yawan tambayar kaina me Abakar zai ce da ya ga yau. Yaƙi ya shigo har ƙofar gida, mun gudu da abin da kai zai iya ɗauka, mun dawo mun tarar da tura, babbar hanyar ruwan gona, ta cika da ciyawa. Na san a ranar gudun zai yi mini dariya, ya ce ga amfanin ƙin kaya. Na kuma san zai yi kuka da ya ga ɗansa ya bi ta sahara da teku, hanyar da ba na son tunawa, har ya faɗa hannun Hamad a garin nan dai na kifi. Na yi murna yaron ya tsira daga bindiga. Ban san an kai shi gindin dutsen ba.

Makon jiya hoto ya shigo wayata. Muntasir ne, ɗan shekara ashirin da uku, fuskar ubansa sak, tsaye da dogon katako, da shebur, da na'urar a ƙirji. Gabana ya faɗi. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake. Na kira shi.

Ya ce, "Ya Gwaggo, kwantar da hankalinki. Baba gajere ya hau. Nawa dogo ne, komai tamam. Ko wane lokaci na fita, ba abin da zai same ni."

Wannan "ko wane lokaci" ita ta tsinka mini zuciya. Na gane ƙaryar da na yi da shiru ta girma, ta zama abin da yaron yake dogara da shi. Ya yarda katako ne kaɗai ya kashe ubansa, saboda haka katako zai tsare shi. Dogo yana hana nutsewa, amma Hamad da kansa ya ce idan gangare ya tashi zamowa ba ya tambayar tsawon abin da ke ƙafarka. Sai na gaya masa duka, da tsintsiyar da ke hannuna, da rantsuwar goyo, da hantsin.

Ina jin numfashinsa. Na jira ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Ya ce, "Shekara sha ɗaya, Gwaggo?"

Na ce, "Sha ɗaya. Ka yafe mini, ka kuma fasa hawan nan, don Allah."

Ya ce, "Ba ni fasawa. Da asuba za mu fita, mu shida, da mai sanin dutsen, kafin rana ta taɓa shi mun sauko. Amma abu guda nake roƙo. Ranar Asabar kada ki kira ni."

Me ya rage na Abakar? Hawashar ta koma jeji, kabarinsa yana ƙasar da ba zan taɓa takawa ba. Dariyarsa tana bakin ɗansa, son dutsen ma ya bar masa gado, kyan ɗa ya gaji ubansa ko da gadon yana hana gwaggo barci. Abu ɗaya ne bai bar masa ba, biyayyar nan da ba ta tambaya. Da ina alfahari da ita a cikin mata, ina cewa ƙanena ba ya musu da ni. An ce bin na gaba bin Allah, amma na gaban ma akwai inda saninsa yake tsayawa, nawa ya tsaya ne a bakin kogin nan. Yau na gode wa Allah da Muntasir ya iya ce mini a'a, ko da yake ta yi mini zafi, kuma har yanzu bai ce ya yafe ba.

Allah ya jiƙan Abakar, ya sanyaya makwancinsa. Mai karatu, ka sa mini yaron nan a addu'a. Asabar jibi ce. Na kai wayata gidan maƙwabciyata, na sa ta rantse ba za ta ba ni ba sai bayan la'asar, ko na yi mata kuka, don na san halina.