Balki da Madubin Motar Kumandan

Balki maginiyar tukwane ce a Tama. Ba ta taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba, amma ta fi 'yan bokon nan masu takalma hankali. A 1942 motar kumandan, Bature mai mulkin yankin, ta tsaya garinsu, rana na ƙuna. Direba ya sa mijin Balki, Gado, ya wanke motar da ruwan randa mai sanyi, sai madubin gaba ya tarwatse. Gardi, dogarin kumandan, ya ɗaure Gado, wai jifa ya yi. Da wane dutse, don Allah?

Balki ta zaro tukunya daga wuta, ta kwara mata ruwan sanyi gaban kumandan. Tukunya ta tsage.

"Ranka ya daɗe, ita ma jifanta aka yi?"

Kumandan ya harari direba. Nan take aka kwance Gado, ya bi matarsa gida.