Ranar da na goya Inna zuwa saman bene mai hawa bakwai

Shekarun baya, kafin a fara rushe gidajen da ke jikin Harami, sana'ata ga-ruwa ce. Garwa biyu a sanda, ina kai wa gidajen masu hali. A cikinsu akwai wani bene mai hawa bakwai, babu wanda ya kai shi tsawo a layin. Kullum ina hawansa, amma iyakata hawa na biyar, inda randuna suke. Saman rufin na mata ne, can suke shanya, can suke shan iska. Baƙon namiji ba ya taka shi.

A lokacin yanar ido ta fara rufe wa mahaifiyata gani, ƙafafun da ta tako da su daga Kano kuma sun daina ɗaukarta. Wata ƙawarta mai wanki a gidan ta ba ta labari cewa daga can sama ana ganin masu ɗawafi gaba ɗaya. Tun ranar ba ta da wata magana.

"Kai wannan," haka take kirana don ni ne ɗan fari, "shekara talatin ina leƙen Ɗakin Allah ta tsakanin kafaɗun mutane. Ina so in gan shi duka, sau ɗaya, kafin idon nan ya tafi."

Na ce, "Inna, ko ni ban taɓa hawa ba."

Ta ce, "To wa ya ce kai za ka gani?"

Na tari maigidan a ƙofa na roƙe shi. Ya yi dariya ya ce rufin ba nasa ba ne, na tsohuwarsa ne, shi kansa sai da izini. Ga shi mai ruwa ba ya magana da matan gida. Kana shiga za ka ɗaga murya ka ce "Ya Sattar!", su shige bayan labule, ka juye ruwanka ka fita.

Sai na koma gaya wa randa. Kullum ina juye ruwa ina cewa da ƙarfi, "Randa, ina da tsohuwa a unguwar Hindawiyya, idonta na tafiya, tana son ganin Ka'aba daga sama." Ƙato da gemu yana hira da tukunya. Na ji ana ƙyalƙyala dariya a bayan labule, ban fasa ba. Sai a kwana na tara muryar tsohuwar gidan ta fito.

"Kai mai ruwa, ka ishi randar nan. Kawo tsohuwar taka gobe bayan la'asar. Amma idonka a ƙasa."

Na ce, "Na ji, Sitti," yadda ake kiran babbar mace a can.

Washegari na ɗaure Inna a bayana da mayafinta. Matakalar ƙunci gare ta, ga duhu, ga tsayi. Tun a hawa na biyu ta fara: "A hankali mana, ni ba garwa ba ce." A na biyar ƙafafuna suka tsaya da kansu, sun saba nan ne ƙarshe. A na shida numfashina ya fara fita kamar na jaki. Ta ji, ta ce, "Sauke ni, mu koma. Na yafe."

Na ce, "Ni ban yafe ba. Riƙe wuyana."

Da muka fito sarari, matan suka karɓe ta, suka zaunar da ita a bakin katanga. Ni kuwa na juya fuskata ga ƙofa. Na ce a raina ko mun makara, idon ya riga ya ƙi.

"Inna, kina gani?"

"Yi mini shiru."

Can sai ta ce, a hankali, "Ba na ganin mutane. Fari nake gani yana juyawa, kamar ana dama nono a ƙwarya. Baƙin yana tsakiya, bai motsa ba." Tana nan a bakin katangar har aka kira magariba.

Ni dai na hau bene mafi tsawo a layin, abin da na gani yatsun ƙafata ne da kashin tattabaru. Abokan karatuna na ajin manya da nake zuwa yanzu har yau suna yi mini dariya a kan haka.

Kafin aikin Hajji na gaba idonta ya rufe ruf, daga baya gidan ma aka rushe shi. Ana tambayata ko na yi da-na-sanin rashin ɗaga kai. Ban yi ba. Na yi alkawari, an kuma amince da ni a inda ba a amince wa maza. Abin da na riƙe shi ne saukowarmu: haɓarta a kafaɗata, rigata tana jiƙewa, tana sa mini albarka a kowace matakala har ƙasa.