Bazarar da Kunkuruna Ya Ƙi Ci

Kunkurun ya girme ni. A gidan mahaifina na Katagum na buɗe ido na gan shi, yana da raminsa a gindin rumbu. Da tsohon ya rasu aka zo rabon kaya, yayyena suka ɗauki taru da kwalekwale, ni kuwa da ban gaji kamun kifi ba na ce a bar mini kunkurun. Na sa shi a mangala a kan jaki, shi gefe guda, dutsen niƙa gefe guda don kada kayan su karkace, muka kama hanyar Azare inda nake dukanci.

Shekara bakwai ya yi a gidana bai taɓa ba ni wahala ba. Ya haƙa rami a jikin katanga, bayan madafa. Da damina ya ci ɗanyar ciyawa da tafasa, da rani in jiƙa masa harawa, in an yanka kabewa ɓawon nasa ne.

A shekarar da na fara zuwa ajin yaƙi da jahilci, mai ɗakina ta ce ta gaji da share rairayi, daɓe take so a tsakar gida. Ta kuma ce ramin nan sai an cike shi, don ta gurɗe ƙafa a bakinsa, ga shi yana cin gindin katanga. Na ga gaskiyarta. Da hannuna na cike ramin, na gina masa ɗan ɗaki na laka kamar akurki, har ina jin na kyauta masa. Matan unguwa suka taru da madaɓai, suka yi wuni biyu a durƙushe suna bugu, aka zuba ruwan makuba don daɓen ya yi ƙarfi. Tsakar gida ta yi santsi tana ƙyalli tun daga zaure har bayan ɗaki. Mai ɗakina ta dinga kiran mutane su zo su gani.

Wata guda bayan haka zafi ya sauka, kunkuru ya daina ci.

Na fara da harawa, ya ƙi. Na yanka kabewa mai kyau, tsokar ba ɓawon ba, na kai masa har baki, ya janye kai. Na je fadama na samo ɗanyen ganyen rama da yakuwa. Na dama dusa. Har tuwo na gutsura masa, abin da mahaifina ya hana tun muna yara. Kaji ne suka yi ta ƙiba. Shi kuwa sai ya bi katanga yana zagayawa, ya kai ƙarshe ya juyo, in rana ta take ya cusa kai a lungu ya yi shiru. Idanunsa suka faɗa. Da alli nake ja wa kwanakin layi a bayan allona na aji, har layi ya kai goma sha shida.

A nan zuciyata ta tafi kan maƙwabcina.

Wanzami ne, katanga ɗaya ta raba mu, kuma ban da aski da ƙaho yana ba da magani. Tun ranar da na sauke mangala ya leƙo ya daɗe yana kallon dabbar nan. Sau biyu ya ce mini, cikin raha, in ta Allah ta kasance kada in yar da ƙoƙon bayan, yana da amfani a wurinsa. Da can dariya na yi. Yanzu maganar ta dawo mini da wata fuska. Sai kuma na tuna wata safiya na fito daga makewayi na ga hannunsa a saman katanga, ya wurgo wani abu. Kafin in isa kaji sun wawashe.

Na faɗa wa mai ɗakina. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

"Malam, mutumin da ya yi wa 'ya'yanka askin suna?"

"Shi fa."

"To kajin da suka ci abin, wacce ta mutu?"

"Kaza daban, kunkuru daban."

Ta ce in bar ta ta yi aikinta.

Ban yi wa maƙwabcin magana ba, ba halina ba ne. Amma na daina zama a dakalinsa bayan la'asar. Ranar kasuwa na kai kaina wurin wani wanzami, baƙo, ya yi mini aski har da yanka biyu a ƙeya. Na kwaso kayan aikina daga zaure na dawo da su tsakar gida, ina ɗinkin kube ido ɗaya a kan katanga. Duk ganyen da zan ba kunkuru sai na wanke shi da kaina. Kaskon ruwansa ma na sake sabo, na fasa tsohon, na duba ƙasansa ko an binne wani abu. Babu abin da za a binne a daɓe, amma na duba.

Ran kwana na ashirin sai ga sallamar Wanzam a zaure. Ya shigo da zabirarsa a kafaɗa, ya dubi ƙeyata ya yi murmushi.

"Ɗan masunta, wa ya yi maka wannan aika-aika? Da lauje aka yi?"

"Hanya ce ta bi da ni, Wanzam."

"Hanya. To. An ce mutumin naka ba ya ci."

"Wa ya ce?"

"Katangar nan ba ta kai wuyana ba. Ina jin ka kullum kana lallashinsa kamar mai jinya."

Ban so ya gan shi ba, amma ba a hana maƙwabci shiga. Ya tsuguna, bai taɓa shi ba. Ya nuna mini ƙafafun gaba. Faratan sun cinye, ɗaya har da busasshen jini. Ya nuna gindin katanga, inda daɓen ya yi fari-fari da ƙarzuwa tun daga wannan kusurwa har waccan. Kullum ina wucewa ta wurin, ban taɓa lura ba.

"Ƙasa yake nema," in ji shi. "Da zafin nan a ƙarƙashi suke wuni, inda akwai sanyi. Ka sa shi a tanda ka ce ya ci abinci. Wannan akurkin naka, sa hannu ka ji."

Na sa hannu. Kamar murhu.

"Bayan gidana rairayi ne, ga inuwar kurna. Kawo shi ya haƙa abinsa."

Ya tafi ya bar ni a tsugune. Maganarsa ta zauna daidai, kuma daidai ɗin ne ya dame ni. In da mutum yana son ya raba ni da dabbar nan ba tare da faɗa ba, ai haka zai ce. Na je wurin mai ɗakina na ce a fasa daɓen ta bayan madafa, ko kamu huɗu ne.

"Matan da suka yi wuni biyu a kan gwiwa, kai za ka je ka gaya musu," ta ce. "Kuma in ka fasa, jar ƙasa ce da tsakuwa a ƙasan, kai ka zuba su. Da wane farcen zai haƙa?"

Nan ma gaskiya ce. Na yi tunanin kai shi gona, amma gonata da nisa, in makiyaya ba su ɗauke shi ba kura za ta gwada haƙorinta. Na yi tunanin mayar da shi Katagum, na san ba zai kai ba. Na ɗaga shi na ji ya yi sakayau, kamar ƙwarya ba komai a ciki.

Washegari bayan na karya kumallo na ɗauke shi a faifai na zagaya. Wanzam ya janye zana ya nuna mini wurin. Na ajiye shi a gindin kurna. Ya daɗe bai motsa ba. Can sai ya miƙa wuya, ya kai hanci ƙasa, ƙafar gaba ta fara watso rairayi. Kafin azahar bayansa kaɗai ake gani. Kafin magariba ya shige.

Kwana huɗu bai fito ba. A kwana huɗun nan babu abin da ban saƙa ba. Na ce ko an zaro shi ne aka bar mini rami ina gadi. Na zo da kara na zura a hankali, na ji ya taɓa abu mai tauri, amma dutse ma tauri gare shi. Wanzam yana wasa askarsa a fata, yana kallona.

"Ka zura hannu mana, ku gaisa."

Ran na biyar da sassafe na tarar da shi a bakin rami, rairayi a kansa. Na ajiye ganyen rama da na zo da shi. Ya dube shi, ya buɗe baki ya ja ganye guda, ya haɗiye, ya ja wani. Na zauna a ƙasa har ya cinye.

Da damina ta faɗi na ce zan mayar da shi gida. Wanzam ya ce bismilla, kayana ne, sai dai in faɗa masa inda kunkurun zai kwana. Ramin ya riga ya yi zurfin da ba a ganin ƙarshensa.

Yana can har yau. Abincinsa ni nake kai masa, safe da yamma, kuma na roƙi mutanen gidan kada kowa ya ba shi komai. Wanzam ya amsa da to. Wani lokaci ina tarar da ɓawon guna a bakin ramin, wanda ba ni na kawo ba. In na gani sai in ɗauka, in juya shi, in shinshina, in sa a aljihu in tafi da shi.