Baba Yana Tuƙi, Ni Ina Harbi

Ina tsakar gida a Meiganga ina shanya kayan yara, wayar ƙanena Sadisu ta shigo daga Garwa. Bai ja magana ba. Ya ce, "Yaya, sai haƙuri. Baba ya cika ɗazun nan." Na yi salati, na zauna a bakin rijiya da jiƙaƙƙiyar riga a hannuna, na ma rasa wanda zan fara gaya wa.

Sunansa Malam Isiyaku, amma duk unguwarmu Rumde Ajiya da Baba Jirgi aka san shi. Gidanmu gidan fawa ne tun kakanni, shi kaɗai ya ajiye wuƙa. Yana saurayi ya sayo wata na'urar wasa mai tsawon mutum daga hannun wani ɗan kasuwa, ya kafa ta a shago kusa da kasuwa. A jikin gilashinta ƙaramin jirgin yaƙi ne ke tafiya bisa teku, jiragen abokan gaba suna sauko masa garke-garke. Da hagu ake riƙe sandar tuƙi, da dama ake danna maɓallin harbi. 'Yan'uwansa sun daɗe suna yi masa dariya, wai ɗan mahauta ya koma kiwon jirgi. Shi dai murmushi yake yi, ya ce nasa garken ba ya cin dusa.

Baba ba ya kallon abin nan a matsayin shirme. Yakan ce, "Wanda ya ƙera wannan ba azzalumi ba ne. Duk harsashin da zai kashe ka, sai ka gan shi yana tahowa." In an kira salla yakan tura kowa masallaci, ko wasan ya kai ina. Yaron da ya zagi na'ura kuwa, ranar ya gama wasa ke nan. Da zamani ya juya, albashi ya karye, gari ya yi tsit, shagon ya mutu. Ya ɗauko na'urar ya ajiye a zauren gida, ya lulluɓe ta da tsohon zanen Inna.

Shekarar da na gama lise, wato sakandare, nake zaune a gida, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya dawo daga asibiti wani mutum dabam. Ya juya fuska bango, ya daina fita gaisawa da mutane, abinci sai Inna ta yi da gaske. Likita ya gaya mana a fili cewa in bai tashi ya motsa ba, kwanciyar ce za ta ƙarasa shi. Mun yi lallashi, 'yan'uwansa sun yi faɗa, duk a banza. Tsoro ya kama ni sosai, don ina ganin mahaifina yana tafiya alhali yana numfashi.

Wata ranar Juma'a da hantsi na yaye zanen nan, na jona na'urar. Ban taɓa wasan ba, domin 'ya mace ba ta shiga shagon. Na dinga dannawa yadda na ga dama, jirgin yana ta faɗuwa. Can sai na ji muryarsa daga ɗaki, a karkace, a fusace: "Wane ne yake kashe mini jirgi haka?"

Na ce, "Ni ce, Baba. In ka ji haushi ka zo ka karɓa."

Sadisu ne ya tallafo shi. Ya kama sandar da hagunsa, ya dubi damansa da ke reto. Sannan ya ce, "To, tsaya nan. Ke ce hannuna." Daga ranar shi ke tuƙi, ni ke harbi. Faɗa kuwa na sha shi. "Ba kowane jirgi ake harbi ba, Hadiza. Wani a bar shi ya wuce." Daga zaure ya fara leƙa ƙofar gida, daga ƙofar gida ya koma sahun masallaci da sandarsa.

Bayan aure ya kawo ni Meiganga, Sadisu ya gwada maye gurbina, Baba ya kore shi, wai yana harbi kamar an biyo shi. Sai ya zama duk zuwana gida, kafin in kwance kaya zai gaishe ni da Fulatanci ya ce, "Jam na? Wanke hannu ki zo." Da jikokinsa suka nuna masa wasannin jirgi a waya, ya duba da kyau ya ce, "Jikokin jirgina ne, ga kama nan. Haƙurin kakansu ne ba su gada ba."

Bayan sadakar uku, da mutane suka ragu, na shiga zaure na kunna na'urar. Na tsaya a gefen dama, inda na saba, na ɗora yatsa a kan maɓalli, ina jira jirgin ya motsa. Yana nan tsaye a ƙasan gilashi har wuta ta same shi. Sai a lokacin na tuna ban taɓa riƙe sandar nan tare da shi ba, ban kuma taɓa cewa ya koya mini ba. A nan na yi kukan da ban yi a hanya ba.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya ba Inna haƙuri, Ya dafa wa Sadisu da ya gaji ɗawainiyar gida, Ya raya jikokinsa bisa imani. Ni kuma, ya Allah, Ka koya mini tafiya babu shi a haguna. Amin.