Ramin da Baba Mai Gadi Ya Tona a Gindin Raga

Ko tsufa ya kai ni ga manta sunayen jikokina, wannan abin ba zai fita raina ba. Ina ajin ƙarshe ne a sakandaren gwamnati da ke bayan garin Illela, hanyar Amarawa, kuma ni ne kyaftin ɗin 'yan ƙwallo.

Makarantar tsohuwa ce, tun zamanin iyayenmu. Da jan dutse aka gina azuzuwan farko, bango mai kauri, ga doguwar baranda da manyan tagogin katako. Bayansu filin ƙwallo yake, turakun ragar kuwa na giginya ne. Mai gadinmu wani dattijo ne marar yawan magana, an ce har da shi aka yi dakon dutsen ginin.

Saura kwana biyu mu buga wasan ƙarshe na cin kofi da wata makaranta ta wajen Araba, sai na hango shi bayan la'asar, durƙushe a gindin raga yana tona rami. Ya zuba wani baƙin abu daga gwangwani, ya mayar da ƙasa, ya tattake. Nan take na tuna jikansa a waccan makarantar yake, kuma shi ke ci musu ƙwallo. Ni ko lokacin kaina na rawa, ban tsaya tambaya ba. Kafin magariba duk 'yan wasa sun ji Baba ya binne mana asiri. Golanmu har rantsuwa yake wai tun ɗazu hannuwansa suka yi nauyi.

Da safe muka kai ƙara wurin shugaban makaranta. Aka kira Baba filin, gaban ɗalibai, aka ce in ta tabbata ya bar aiki ke nan.

"Baba, mi kas sa gindin raga?" in ji shugaba.

"A tona a gani, Malam."

Ni na tona, da hannuna. Toka ce da baƙin man mota.

"Maganin gara na, ita ka cin iccen ragar daga ƙasa," in ji Baba. "Kowace shekara nika zuba mishi, tun randa munka kafa shi." Sai ya juyo ya dube ni. "Da ka tambaye ni, ɗana, da na gwada maka."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Shugaba ya ba shi haƙuri, ni ma na durƙusa, ya ce ya yafe. Amma washegari ya miƙa makullai, ya ce wanda ake zargi ba ya gadi. Mun ci kofin, ban ji daɗinsa ko kaɗan ba.

Tun daga ranar na koyi cewa in na ga abin da ban gane ba, mai shi zan fara tambaya kafin in buɗe baki ga kowa. Tambaya ɗaya na kasa yi, ta raba dattijo da makarantar da ya gina.