Rabin Jawabin Isma'ila Lauya

Isma'ila Lauya bai taɓa zama lauya ba. Gara in faɗi wannan tun da wuri, kada 'ya'yansa su ce na yi wa ubansu ƙari. Tafinta ne. Amma a Unguwar Kanawa in ka tambayi gidan Isma'ila tafinta sai a tsaya ana kallonka, in ka ce Lauya kuwa ko akuya za ta kai ka. Ni Balarabe tela, Bazazzage, shagona yana kallon zaurensa shekara da shekaru, shi kuwa Bakano ne na ainihi. Wasa ne tsakaninmu tun kaka da kakanni, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa ina da izini.

Ɗan dukawa ne a Kano, amma allura da fata suka ƙi hannunsa, baki kawai Allah Ya ba shi. Ya biyo jirgin ƙasa ya zo Kaduna ana cikin yaƙin duniya na biyu, ya sami aikin masinja a kotu, ya tsinci Turanci a bakin ƙofa. Bayan yaƙi wani lauya Bature ya zo garin, dogo, jan fuska, mutumin ƙasar Ailan. Mai Hular Tunkiya muke ce masa, saboda farar hular gashin nan da suke kifawa a ka. Shi ya ɗauki Isma'ila ya riƙa yi masa tafinta.

Baturen nan yana da wata dabara. Kafin ya ce uffan a kan wanda yake karewa, sai ya tsaya ya jero hujjojin abokin shari'a tsaf, ya gyara su, ya faɗe su fiye da yadda mai su zai iya, har wanda ya ɗauko shi ya fara zufa yana zaton an saye masa lauya. Sai ya kurɓi ruwa, ya ce amma, daga nan ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya rushe. Isma'ila ya yi ta fassara wannan har ta shige masa jini. Ko miya ce ba ta ji gishiri ba, sai ya fara yi wa matarsa Turai bayanin cewa itacen ɗanye ne, ga hayaƙi, ga goyo, kowa ma zai iya mantawa. Kafin ya zo kan gishirin ta kwashe kwanoninta.

Da Baturen ya tashi komawa gida, ya ce kotu ta ishe shi, siyasa zai shiga. Wai a can ma ana rigimar a raba ko kada a raba, shi kuma yana cikin masu cewa kada a yanke yankinsu daga Ingila. Daga baya labari ya zo cewa ya ci zaɓe. Isma'ila ya yi mini bayanin rigimar tasu ya fi a ƙirga, ban taɓa gane wa ke da gaskiya ba, don kullum ina barin wurin tun yana kan hujjojin ɗaya ɓangaren.

Isma'ila ma bai daɗe ba ya bar kotu, ya shimfiɗa tabarma a zaure yana sasanta mutane. Abin da ya fi so a duniya kuwa, bayan surutu, shi ne ƙungiyar unguwa. A cikinta akwai mu masu sana'a, teloli da maƙera da mahauta da 'yan koli, akwai kuma ma'aikata, akawuna da malaman makaranta da 'yan reluwe, yawancinsu Kirista daga kudancin Zariya. Tare muke gayyar yashe kwata kafin damina, tare muke haƙa rijiya, wakili ɗaya muke turawa gaban hukuma. Shekarar da ruwa ya ci wa Isma'ila ɗakuna, mahauta ne suka kwaɓa ƙasa, akawuna suka naɗe wando suka yi ta miƙa tubali. Sakataren ƙungiyar, Malam Ayuba na makarantar mishan, amininsa ne, kwano ɗaya suke sa hannu.

To, a shekarun nan da maganar a raba ta cika ƙasa, ita ma unguwarmu ta kamu. Dauda, babban mahautanmu, mutum mai ƙaton wuya da gajeren haƙuri, ya ce masu sana'a su ware su yi tasu ƙungiya da nasu wakili. Abin ya tsaya wa Isma'ila a rai har ya daina cin abinci sosai. Ya ce muddin yana numfashi ba za a tsaga unguwar nan ba. Aka sa taro ranar Lahadi bayan azahar a gindin ceɗiya, ya ce a bar masa maganar.

Ni na ɗinka masa rigar da ya sa, kuma wallahi ta yi masa kyau fiye da yadda ya cancanta. Ya miƙe, ya gyara murya, ya fara.

"Jama'a, Dauda yana cewa a raba. Me ya sa? Ana sa taro lokacin da ma'aikata suka taso daga ofis, lokacin da kasuwa take ci. Mai sana'a ya bar cinikinsa ko ya bar ra'ayinsa. In ya zo kuma, rabin maganar da Turanci ake yi, sai ya ga an yi dariya shi ma ya yi. Rijiyar bara, ina aka haƙa ta? Matan mahauta suna tafiya har su gaji kafin su ga bakinta. In baƙo ya zo daga hukuma, gidan wa ake kai shi? Gidan da ke da kujeru!"

Wuri ya ɗau zafi. Dauda kansa ya saki baki, don bai taɓa sanin hujjojinsa sun kai haka kyau ba. Isma'ila ya miƙa hannu zai ɗauki moɗar ruwa. Ni da na san shi na san yanzu za a juya. Makaɗan mahauta ba su sani ba. Kalangu ya tashi, samari suka yi kansa, sai ga Lauya a sama ƙafafu suna lilo, takalmi ɗaya ya faɗi. Yana ta ihu, "Ban gama ba! Ku sauke ni, ban gama ba!" Ina, kiɗa ya danne. Suka zaga da shi unguwa, kafin su dire shi an kira la'asar, taro ya watse. Mai unguwa ya ce Lahadi mai zuwa za a tsaya layi a ƙirga. Malam Ayuba ya naɗe tabarmarsa ya tafi gida bai yi wa kowa sallama ba.

Da safe sai ga cinyar rago daga Dauda. Na leƙa zauren na ce, "Bakano, an ce kun iya ciniki, yau ga shi ka sayar da kayan wani ka dawo da naka a ka." Bai ko rama ba. A nan na san abin ya yi tsanani, tausayinsa ya kama ni.

Turai ce ta ce tun da rabin jawabin yana cikinsa, ya tashi ya kai wa mutane har gida. Haka ya yi. Zaure zaure ya bi, ya gaishe su, ya zauna, ya ƙarasa. Ya ce gyara taro ya fi sauƙi a kan raba kwata, don ruwan sama bai san gidan akawu da na maƙeri ba, kuma wakili biyu masu jan juna ba wanda zai saurare su. Sai dai ba a shiga gidan mutum a ƙi abincinsa. Masu son a raba suna ciyar da shi don gwaninsu ne, masu son a zauna suna ciyar da shi don ya dawo hanya. Tuwo, dambu, fate, fura, wani gidan har da kaza. Kafin Juma'a ya kawo mini rigar nan in buɗa ta.

Gidan Malam Ayuba ne bai ci komai ba. Ayuba ya tambaye shi, "Abin da ka faɗa a kanmu, ƙarya ne?"

Ya ce, "A'a."

"To, shi ne ya fi mini ciwo."

Dauda kuwa ƙin saurara ya yi. Ya ce ya riga ya ji abin da yake so ya ji, kada a ɓata masa.

Ranar Lahadi, kafin a tsaya layi, Malam Ayuba ya nemi izini. Da Hausa zalla ya yi magana, ko kalma ɗaya ta Turanci bai saka ba, har ana jin yadda yake taka-tsantsan. Ya ce abin da Lauya ya faɗa gaskiya ne, su ma ba su lura ba, kuma ya ji kunya. Ya ce a mayar da taro safiya, rijiya ta gaba kuma a haƙa ta wajen mahauta, shi zai fara sara. Mai unguwa ya ce masu son a raba su bi bayan Dauda, masu son a zauna su bi bayan Isma'ila. Da aka jeru, ba sai an ƙirga ba, layin Dauda ya fi tsawo.

Dauda ya daɗe yana kallon Ayuba. Can ya juyo ya ce, "Lauya, an ce kowa ka kai masa ragowar maganarka, saura ni. Faɗe ta a nan, amma ka gajarta."

Isma'ila ya fito tsakanin layukan biyu. Ya dubi wannan, ya dubi wancan. Duk hujjojin da ya kwana bakwai yana zubawa suka gudu suka bar shi. Sai kawai ya ce, "Dauda, ran da na mutu, wane layi ne zai ɗauke ni?"

Dauda ya dube shi daga sama har ƙasa, ya tsaya a kan tumbin. Ya ce, "Yadda ka koma a makon nan, ai layi ɗaya ba zai iya ba."

Dariya ta ɓarke har mai unguwa yana riƙe ciki. Dauda ya yafito makaɗansa, ya tako ya tsaya bayan Isma'ila, mahauta suka biyo shi, sauran ma suka biyo. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, har na rungumi Bakano a gaban mutane.

Shi aka tura wakili a shekarar, aka kuma yi ta tura shi har ya tsufa. Ran da Allah Ya yi masa rasuwa, masu sana'a da ma'aikata suka cika hanyar maƙabarta, ana ta karɓa-karɓar makara, Malam Ayuba da furfurarsa yana biye. Ni ma na sa kafaɗa. Dauda bai yi ƙarya ba, da nauyi.