Injin da Ya Kulle Rigunan Mahauta

Kada wani ya ɗauka lalaci ne ya sa na sayi injin wanki. Ruwan saman Fatakwal ne. A garin nan sai ka shanya riga ranar Litinin, Laraba ta zo ta tarar da ita tana ɗiga. Ni kuwa sana'ata wankin fararen rigunan aikin mahautan Trans-Amadi. Maigidana mahauci ne a can. Da Allah ya yi masa rasuwa, abokan aikinsa suka so su riƙa aiko mini da taimako, na ce su aiko da wanki. Da wankin nan na ci, da shi na aurar da 'ya'yana, ban taɓa miƙa wa kowa hannu ba.

Injina na farko mai ciki biyu ne, ɗaya na wanki, ɗaya na matsewa. Ƙarfe ne zalla, maza huɗu suka shigo da shi suna nishi. In ya yi gardama, mai gyaran janareto na bakin layinmu ya zo ya canja masa bel, shi ke nan. Kuma a buɗe yake aiki, ina ganin ruwana. Wankin jini yana da ƙa'ida: ruwan sanyi tukuna, a zubar da jan ruwan, a sake, har sai ya fito garau, sannan a kawo zancen sabulu. Mutanen nan da rigunan suke sallar azahar a mayanka, tsarkinsu yana wuyana.

Tsatsa ce ta cinye gindinsa daga ƙarshe. 'Yata da ke aikin jinya a Inugu ta aiko mini da na zamani, wai in huta. Fari tas, ƙofa a gaba mai gilashi, fitilu kamar motar amarya, in ya gama har 'yar waƙa yake yi. Ruwan da yake ja ko alwala ba zai ishe ni ba. Wankin farko ya dafa ruwan da kansa, ba wanda ya aike shi, ya gasa jinin a jikin yadi. Daga ranar sai na fara jiƙawa da ɗaurayewa a baho kafin in ba shi, wato ni na koma 'yar aikinsa.

Bai rufa shekara ba ya fara tsayawa yana nuna rubutu a goshinsa. Ni ban yi boko ba, amma waɗanda suka yi ma sun duba sun kasa gane abin da yake nufi. Mai gyaran janareto ya leƙa ya ce ba huruminsa ba ne. Aka kira wani mai jaka da kwamfuta, ya ce ƙwaƙwalwarsa ce ta ƙone, ba a gyara ta, sai dai a kawo sabuwa daga Legas. Ƙwaƙwalwa! Abin da aikinsa juya riga cikin ruwa, me zai yi tunani a kai?

Aka kawo sabuwar, aka saka masa. Sai ranar da aka ɗauke wuta yana tsakiyar aiki, ta dawo da ƙarfi, sabuwar ƙwaƙwalwar ma ta bi 'yar'uwarta. Ƙofa ta ƙi buɗuwa, rigunan mutane suna ciki. Kwana huɗu ina kallonsu ta gilashi, mai jaka yana cewa gobe. Da na gaji na sa aka ɓalle ƙofar da ƙarfen taya. Duk sun yi baƙin ɗigo na funfuna, warin kuwa ba ya faɗuwa.

Sarkin fawa da kansa ya zo, dattijo ne, tare suka tashi da maigidana. Muka gaisa har ƙasa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce samarin mahauta sun fara kai nasu shagon wanki da guga na bakin titi, shi ne yake riƙe da sauran.

"Hajiya, in Juma'ar sama ta zo ba riguna, bakina ba zai ƙara tare su ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, za su zo."

Washegari na hau mota zuwa Anaca, wajen babban ɗana mai sayar da albasa a kasuwar Ose Okwodu, don an ce can injuna suka fi yawa. Ya kai ni wani shago, yana ta raɗa wa mai shagon a nuna mini mafi tsada. Mai shagon, wani Ibo mai fara'a, ya jera mini su: wannan yana auna nauyin kaya, wancan ana ba shi umarni da waya. Na bi su ina ɗaga kusurwa da hannu ɗaya, ni tsohuwa, kowanne ya tashi kamar kwali. Na ce a zuba wa ɗaya ruwa a kunna. Yana cikin juyi na sunkuya na zare wayar daga bango, na ce to a buɗe mini. Mai shago ya ja ƙofa, ya danna nan, ya danna can, ya ce sai an jira.

Ɗana ya ce, "Inna, kina ba ni kunya."

"Kai albasa kake saya ba ka kwance buhu ba?"

Can ƙurya na hango wani mai ciki biyu, na roba, ƙura ta rufe shi. Mai shago ya ce wannan na 'yan makaranta ne da gwauraye. Aka kunna, na zare waya, na ɗaga murfi na tsoma hannu har gwiwa. Na sa aka juya bayansa, ga bel nan a fili. Na tambaye shi tsakaninsa da Allah shekara nawa zai yi. Ya yi dariya ya ce, "Mama, yanzu ba a ƙera na gado." Wannan ce kaɗai gaskiyar da na ji a shagon. Na ce a ɗaure mini shi, ba don ya burge ni ba.

Ranar Alhamis da yamma rigunan suka isa mayanka a goge, a ninke. Samarin dai ba su dawo ba, sun saba da mai ba su kaya cikin leda. Da Asabar ta zo, mai okada ya sauke mini ƙulli daga wajen sarkin fawa, bai kai rabin na da ba, na dattawa ne kawai. Na kwance shi a tsakar gida, na ware masu jini da yawa gefe, na kunna famfo.